Yadda zaka haɗa rediyon da baya cin batir, da dutsen kwalli da wayar koyil

Duk wanda nace wa akwai rediyon da ke magana ba batir ba wutar nepa ba sola, kallon mai tatsuniya yake min, sai na maƙala masa abin a kunne yaji muryar mai labarai siririya kamar daga cikin rijiya sannan yake yin shiru. Ba sihiri a ciki. Irin rediyon da mutane suka riƙa haɗawa da hannunsu ne a gidajensu a Amurka da Ingila wajejen 1920, ana ce masa rediyon kiristal, kuma ɗan ƙarfin da ke motsa shi daga tashar da ke watsa shirin yake zuwa, wayar eriyarka ce ke tsinto shi a iska. Abin da ya fi burge ni shine zuciyar rediyon, wato ditekta, abin da ke ciro magana daga cikin sigina, wani dutse ne da ake kira galena, kuma yawancin dutsen kwallin gargajiya da ake kasawa a kasuwanninmu, mai nauyin nan mai ƙyalli, galenar ce. Iyayenmu na daka shi suna sawa a ido, Turawa na tsikarinsa da waya suna jin labarai.

Kafin ka kashe ko sisi, fara da wannan: ɗauko rediyo na gida, juya shi zuwa AM, matsakaicin zango kenan, ka bi layin a hankali da rana sannan ka sake bi da daddare. Wace tasha kake ji da ƙarfi? Rediyon Tarayya Kaduna an san shi a kan 594, Rediyon Kano a kan 729, amma kar ka dogara da abin da aka sani, kunnenka ne zai gaya maka ko suna sama a ranar kuma ko suna iso garinku da ƙarfi. In rediyo mai batir ma da ƙyar yake kamo tashar, to wanda zamu haɗa ba zai ji komai ba sai da eriya mai tsawon gaske. Kuma ka cire rai da FM tun yanzu, wannan haɗin baya kama shi. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, su haɗa komai daidai su zauna suna jiran tashar FM ta garinsu, in basu ji ba suce ƙarya ne.

Bari in ɗan yi bayanin me ditektan yake yi, don in ka gane wannan sauran aikin duk zai zo maka da sauƙi. Tashar da ke kan 594 tana aiko da wuta ce mai kai da komo sau 594,000 a daƙiƙa ɗaya, muryar mai magana kuma tana hawa a kanta ne, in ya ɗaga murya kai da komon ya yi ƙarfi, in ya sassauta ya ragu. To matsalar itace in ka kai wannan wutar kai tsaye ga abin sauraro, ana tura shi gaba ana janyo shi baya da saurin da ba zai iya bi ba, sai ya tsaya cik kamar an rufe ƙofa mutum biyu masu ƙarfi ɗaya na turawa ta ciki da ta waje. Ditekta shine ke korar mutum ɗaya daga cikinsu. Yana barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya ya hana ta dawowa, kamar bawul ɗin tayar keke da iska ke shiga bata fita. Da zarar turin ya koma gefe ɗaya, abin da ya rage shine hawa da saukar muryar, shi kuma kunne yana iya ji. Shikenan fa. Shekara kusan ashirin manyan masana suka yi suna neman abin da zai yi wannan aikin da kyau.

Kayan da zaka nema

Fayif ɗin roba na ruwa mai faɗin inci 2, ka yanko tsawon kamar santimita 15. Wayar koyil ta jan ƙarfe mai fenti a jiki, ka je wajen masu riwayin ɗin fanka da injin ruwa kace su auno maka geji 24 ko 25, mita 20 ta isa har da saura. Sai gan, abin nan da ke bayan maɓallin neman tasha a tsohon rediyo, ɗan akwatin roba mai ƙafafu, kowane mai gyaran rediyo yana da matattun rediyoyi jibge a ƙarƙashin tebur zai ciro maka. In ka yi sa'a ka samu irin na da mai faranta-farantan alminiyon da ke shiga cikin juna, riƙe shi da kyau, ya fi na roba nesa ba kusa ba. Sai dayod na jamaniyom, wato ditektan kanti, lambarsa 1N34A ko 1N60 ko OA90, ɗan gilashi ne ƙarami da zaka hango siririyar waya a cikinsa. Rizisto 47k guda ɗaya, kafasita ƙarami mai lamba 102 guda ɗaya, katako na ɗora kaya, ƙusoshi ko sukurori, samfefa, da waya mai roba kamar mita 25 zuwa 30 ta eriya.

Maganar dayod ɗin nan a kula. Akwai masu baka na silikon irin 1N4148 suce ai duk ɗaya ne, ba ɗaya bane. Na silikon baya buɗewa sosai sai wuta ta kai wajen 0.6 na bolt, na jamaniyom kuwa tun wajen 0.2 zuwa 0.3 ya fara wucewa, mu kuma siginar da muke tsinta a iska ƴar mitsitsiya ce. Sa mai shagon ya ɗora mita a kai a gabanka, in ta nuna 0.2 ko 0.3 da wani abu ka biya, in ta nuna 0.6 ka ajiye masa kayansa. Ni an taɓa sayar min da guda biyar a wani shago duk da lambar jamaniyom a jikin leda, na kwana biyu ina zargin koyil ɗina, ashe ba ko ɗaya na gaske a ciki.

Abin sauraro shine ya fi wahalar samu. Iyafis ɗin wayarka ba zai yi kai tsaye ba, om 32 ne kawai ko ƙasa da haka, zai shanye ɗan ƙarfin gaba ɗaya. Mutanen da suna amfani da na kunne mai om 2000 zuwa sama. In ka samu iyafis na kiristal, irin mai launin ƙasa-ƙasa ɗin nan na kunne ɗaya, ka huta. In baka samu ba ga dabara: nemo tsohuwar adafta mai nauyi, irin mai taransifoma a ciki mai sauke 220 zuwa 9 ko 6, ka ciro taransifomar, gefen 220 ya kalli rediyon, gefen 9 ya tafi iyafis ɗin waya. Ba wuta zaka sa mata ba fa, ko kusa da soket kar ta je, aikinta kawai ta daidaita ƙarfin tsakanin ɓangarorin biyu.

Naɗa koyil

Huda ƙananan ramuka biyu kusa da bakin fayif ɗin, zura wayar ta ɗaya ta fito ta ɗayan don ta riƙe, ka bar jela kamar santimita 15. Wannan jelar ita ce ƙasan koyil, ka sa mata alama. Sai ka fara naɗi, kowane zagaye ya kwanta jikin ɗan uwansa, ba hawa kan juna ba giɓi, kana juya fayif ɗin da hannu ɗaya babban yatsan ɗaya hannun na danne wayar. Duk zagaye 10 ka tsaya, ka ɗan ja wayar waje ka murɗa ta ta yi ɗan kunne kamar santimita ɗaya, sannan ka ci gaba. Haka har zagaye 110. Zai ci maka wajen santimita 6 na jikin fayif. In hannunka ya gaji ko aka kira ka, manna salatif kafin ka saki, in ba haka ba wallahi gaba ɗaya zai warware ya zama kamar taliya kana kallo. Ka gama sai ka huda ramuka biyu a ƙarshen ka ɗaure, ka ɗiga kyandir ko ɗan gam a gefe da gefe.

Me ya sa 110? Saboda gan na roba ƙarfinsa kaɗan ne, ko ka haɗa ɓangarorinsa biyu bai cika wuce pikofarad 200 da ɗan wani abu ba, to sai koyil ya yi yawa kafin ka sauko ƙasan layi inda su 594 suke. In irin babban gan na alminiyon ka samu mai 365, zagaye 80 ya ishe ka, sai ka kama a kunne na takwas kawai.

Yanzu kankare. Wayar nan fenti ne a jikinta ko da ido na nuna maka kamar tsirara take, ka sa samfefa ko reza ka kankare jelar farko da ta ƙarshe da duk kunnuwan nan har sai jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli ta kowane gefe. Rabin rediyoyin da suka ƙi magana a nan matsalarsu take.

Eriya da wayar ƙasa

Tunda ba batir, eriya ce gonarka, iya faɗinta iya abin da zaka girba. Ja wayar nan mita 20 zuwa 30 daga saman ɗaki zuwa bishiya ko wani dogon itace, iya tsayin da zaka iya. Kar ka ɗaure wayar a jikin bishiya ko kwano kai tsaye, yanko guntun fayif ka huda shi gefe biyu, waya ta ɗaure a rami ɗaya igiya a ɗayan, igiyar ce zata kama bishiyar. Ƙarshen da ke kusa da ɗaki shi zaka sauko da shi ta taga ba tare da ya gogi kwanon rufi ko ƙarfen taga ba.

Abu biyu a nan ba wasa. Kar wayarka ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar nepa, kar ma ta yi kusa da ita, ko da unguwarku ta yi wata ba wuta, ranar da za'a kawo ba sallama za'a yi maka ba. Na biyu, da ka ga hadari ya haɗo ka cire eriyar daga rediyon ka haɗa ta da wayar ƙasa a waje, ka bar wajen. Da damina in ba saurare kake ba a haka ya kamata ta zauna.

Wayar ƙasa kuma, samo rodi ko fayif na ƙarfe kamar mita ɗaya, kankare tsatsar samansa, buga shi cikin ƙasa inda ke da danshi, bakin makwarara ko bayan banɗaki ko gindin randa, ka ɗaure waya tam a kansa ka kawo ɗaki. A ƙasarmu da rani ƙasa bushewa take ƙayau, sai kaga rediyon da ke magana da damina ya koma raɗa, zuba bokitin ruwa a gindin rodin zaka ji bambanci nan take. Masu wayarin suna zuba gawayi da gishiri a ramin, kaima zaka iya. Kar dai ka ce zaka yi wayo ka ɗauki at, wato wayar ƙasa, daga jikin soket.

Haɗawa

Kafe koyil da gan a kan katako. Ka buga ƙusa ɗaya a gefe ka kira ta ƙusar ƙasa, duk abin da nace ya tafi ƙasa nan zai zo: wayar rodi, jelar ƙasan koyil, da ƙafar tsakiya ta gan. Ƙafafun gan biyu na gefe ka haɗe su waje ɗaya ka kai su jelar saman koyil. In gan ɗinka mai ƙafa shida ne na rediyon AM da FM, tambayi mai gyaran ya nuna maka ɓangaren AM, minti ɗaya ne a wajensa. Eriya ta kama kunne na biyu ko na uku in ka ƙirgo daga ƙasa. Dayod kuma ƙafarsa ɗaya ta kama kunne na biyar, ɗayar ta tafi wata ƙusa daban, ko ta wane gefe ka juya shi zai yi. Tsakanin wannan ƙusar da ƙusar ƙasa nan abin sauraronka zai zauna. In iyafis na kiristal ne sa rizisto 47k ɗin a tsakanin ƙusoshin biyu tare da shi, in taransifoma ce sa kafasita 102 ɗin a wajen. Eriya da dayod kar ka like su da dalma tukuna, yi amfani da ƴan maƙalai masu baki kamar na kada ko ka murɗa da hannu, don zaka yi ta canja musu kunne.

Shawarata da nake nanatawa: fara da dayod, kar ka fara da dutse. Na san dutsen ne ya jawo ka, amma in ka fara da shi baka ji komai ba, ba zaka san ko dutsen ne ko koyil ko eriya ko tashar ce ma bata sama ba. Dayod ya tabbatar maka komai na aiki, sannan ka cire shi ka koma baya cikin tarihi.

Sa abu a kunne, kashe fanka, kori yara ko ka sa su yi tsit, ka juya gan a hankali ƙwarai. Koyil da gan tare kamar lilo suke, lilo na da saurin da yake so, in kana tura shi daidai wannan lokacin sai ya yi ta sama, in ka saɓa sai ya mutu. Juya gan canja saurin lilon ne har ya dace da na tashar. In ka kamo, gwada matsar da eriya kunne na sama, sauti zai ƙaru amma tashoshi zasu fara cakuɗewa, in ka sauko da ita sauti ya ragu amma su rabu. Haka dayod ma. Ba wani kunne da yake daidai ga kowa, ya danganta da tsawon eriyarka, kai zaka nemo naka. Kuma da daddare ka sake gwadawa, bayan faɗuwar rana siginar matsakaicin zango na dawowa daga sama ta yi tafiya mai nisa, zaka iya jin wata tasha da yaren da baka sani ba ta taso ta lafa ta sake tasowa.

In shiru ne gaba ɗaya, taɓa wayoyin abin sauraron biyu a jikin tsohon batir ƙarami, in kaji ƙwas yana da rai. Sai ka koma kankara, sai rodi. In kuma wani zuuu kake ji mai kaushi, duba inbata, cajar waya da ƙwayayen wuta na LED masu arha, duk suna zubar da hayaniya a wannan zangon, kashe su ka gani.

Yanzu dutsen

Tun 1874 wani Bajamushe Ferdinand Braun ya lura cewa wasu duwatsu irin galena suna barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, lokacin ko rediyon ma babu, wani masani Hertz bai nuna akwai igiyoyin rediyo a iska ba sai wajen 1887. Jagadish Chandra Bose a Kalkata ta Indiya ya yi amfani da galena wajen gano igiyoyin har ya samu rajistar fasahar a Amurka a 1904, a 1906 kuma wasu Amurkawa biyu, Pickard ya yi rajistar nasa na silikon, Dunwoody ya yi na kaborandam, wani irin dutse mai tauri da ake haɗawa. Abin dariyar shine sun fi shekara ashirin ana amfani da abin ba wanda zai iya maka cikakken bayanin dalilin da yasa yake aiki.

Je wajen masu kayan koli ko masu sayar da kwalli kace wanda ba'a daka ba kake so. Alamarsa nauyi fiye da girmansa, launin toka mai ƙyalli kamar azurfa, kuma in ya fashe yana fashewa ne da kusurwa-kusurwa kamar ƴan akwatuna. Fasa shi ka ɗauki guntu kamar ƙwayar wake, sabuwar fuskar da ta fito ita kake so, kar ka taɓa ta da yatsa don maiƙon hannu na kashe ta. Samo marfin lemon kwalba, kankare cikinsa, cusa takardar alminiyon ka dasa dutsen a tsakiya ya zauna daram fuskarsa na sama, ka kafe marfin a katako da sukuru, waya ta fita daga sukurun zuwa kunnen koyil inda dayod yake a da. Kar ka sa masa sodarin ayon, zafi na lalata shi, mutanen da ma wani haɗin ƙarfe suke zuba masa mai narkewa tun ruwa bai tafasa ba.

Sai gashin bakin mage, haka Turawan suka sa masa suna. Zare sili ɗaya daga cikin wayar wuta mai laushi, tsawon yatsa, naɗa tsakiyarsa sau uku ko huɗu a jikin ƙusa ya zama ɗan sifirin, yanke bakinsa a karkace ya yi tsini. Ɗaure gindinsa a wata waya mai kauri da ka kafe a ƙusar abin sauraro, ka lanƙwaso ta yadda tsinin zai sauka kan dutsen.

Nan ake gane mai haƙuri. Ka bar gan a inda ka kama tasha da dayod, kar ka taɓa shi. Sauke tsinin kan dutsen a hankali, taɓawa kawai kamar ƙuda ya sauka, in ka danna ya mutu. Ba ko'ina ke aiki a jikin dutsen ba, sai ka ɗaga ka matsa kaɗan ka sake saukewa, ka ɗaga ka matsa, wani wajen shiru, wani wajen ƙarar-ƙarar, can sai kaji murya ta faɗo. Wani lokacin minti biyu, wani lokacin ka yi rabin awa kana tsinuwa a zuci, kuma ka samu kenan wani ya buga ƙofa ko ya jingina da tebur ta gudu. Haka masu aikin waya a jiragen ruwa suka sha fama, shi yasa su suka fi son kaborandam, shi ana danne shi da ƙarfi girgiza bata dame shi ba, sai dai yana buƙatar ɗan batir. In guntu ɗaya ya ƙi, fasa wani, duwatsun ba halinsu ɗaya ba. In ka dace da wuri mai kyau zaka yi mamaki, bai fi dayod ɗin kanti rauni da yawa ba, ai shi dayod ɗin ma in ka kalle shi da kyau dutse ne da gashin mage aka rufe a gilashi don kar su motsa. Kuma taransistan farko da aka yi a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka a Disamban 1947 ɗan gidan nan ne, jamaniyom ne da tsini biyu a kansa maimakon ɗaya.

Gargaɗi, kuma da gaske nake: galena dalma ce haɗe da farar wuta, dalma kuwa guba ce. Kowa ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutse mai dalma da ake daka a cikin gidaje. Kar ka daka, kar ka fasa a inda ake girki, tattara ɓarɓashin ka zubar nesa, wanke hannu da sabulu, ka ɓoye dutsen inda yaro ba zai kai baki ba. Ni tunda na san haka ma na daina yarda a sa wa jariri irin wannan kwallin a gidana, duk da an sha min faɗa a kai.

Reza da fensir

Wannan dabarar sojoji ce a yaƙin duniya na biyu, an fi jin labarinta daga sojojin Amurka da suka maƙale a Anziyo ta Italiya a 1944, ba dutse ba dayod sai abin aski. Kafe reza a katako a madadin marfin lemon, ka fere fensir ka yanko guntu, soka fil a cikin baƙin ta baya, fil ɗin ya tafi ƙusar abin sauraro, bakin fensir ya taɓa jikin rezar. Sirrin yana ga tsatsa ko shuɗin da ke jikin ƙarfen, don haka rezar yanzu mai ƙyalli da bata tsatsa bata cika yi ba, sai ka riƙe ta da filaya ka gasa a wuta har ta yi shuɗi-shuɗi ka bari ta huce, ko ka nemo tsohuwa da ta fara tsatsa. Gaskiya sautinsa bai kai na galena ba, sai tasha mai ƙarfi, amma yana yi.

Wanda ya riga su duka

Kafin dutse akwai kohira, kuma zaka iya gwada ta a minti goma ko babu tashar AM a garinku. Edouard Branly a Faransa ne ya gano a 1890 cewa garin ƙarfe da aka zuba a ɗan bututu baya barin wuta ta wuce, amma da an yi tartsatsin lantarki a kusa sai ƙwayoyin su manne wuta ta wuce. Oliver Lodge a Ingila ya raɗa mata suna, Popov a Rasha ya yi na'urar gano walƙiya da ita a 1895, Marconi kuma da ita ya fara karɓar saƙo ba waya, nasa garin nikel ne da ɗan azurfa. Matsalarta in ta manne bata sakewa da kanta, sai da suka sa mata ɗan guduma irin na ƙararrawa yana ƙwanƙwasa ta bayan kowane sigina, kuma abu biyu kawai ta sani, akwai ko babu, shi yasa ta yi daidai da saƙon Mos na ɗigo da ja amma murya ko kiɗa sam bata iya ba. Wannan gazawar ce ta sa aka yi ta ƙirƙire-ƙirƙire: Marconi ya fito da ditektan maganaɗisu a 1902, wata igiyar wayoyin ƙarfe ce ke zagayawa a gaban maganaɗisu da injin agogo, irinsa ne a jirgin Titanic a 1912. Fessenden ya yi nasa a 1903 da siririyar wayar filatinom da ke taɓa ruwan asid, Fleming ya kawo bawul na gilashi a 1904, wanda jikokinsa ne suka kori dutse daga kasuwa bayan 1920 saboda su suna ƙara sauti har ɗaki ya ji.

Ga yadda zaka yi taka. Yayyaga takardar alminiyon ka mulmula ƙwallaye kamar girman gyaɗa guda 20 zuwa 30, kar ka matse su da yawa. Samo kofin roba, manna dogayen ɓallayen alminiyon biyu a cikinsa suna kallon juna ba tare da sun haɗu ba, kowanne ya leƙo waje ta baki. Zuba ƙwallayen a tsakani. Haɗa batir biyu na tocila a jere, waya daga kan batir zuwa doguwar ƙafar ƙaramin LED ja, gajeriyar ƙafar zuwa ɓalle ɗaya, ɗaya ɓallen ya koma gindin batir. LED ɗin ya kamata ya zauna a mace, in ya kama tun yanzu ɗan girgiza kofin ko ka rage ƙwallaye. Sai ka ɗauko laitar kunna gas irin mai ƙyas ɗin nan, wadda gas ɗinta ya ƙare ma ta fi, ka matso kamar taku ɗaya daga kofin ka danna. Fitilar zata kama ba tare da ka taɓa komai ba. Ɗan ƙwanƙwasa kofin da fensir ta mutu, sake ƙyastawa ta kama. In kana so ta ji daga nesa, maƙala waya mai tsawon hannu a ɓalle ɗaya ta tsaya a tsaye, sannan ka riƙa ja da baya taku-taku kana ƙyastawa har ka ga inda ta daina amsawa.